Shekarar da Gulbi Ya Tona Jirgin Jibo

Duk wanda ya zauna Gaya ta bakin iyaka a zamanin sojoji na farko, ya kuma taɓa sauka bakin gulbi da kaya a ka, ya san Jibo mai jirgi. Gajere ne kakkaura, da wata hular saƙa da ba ta barin kansa ko ana zafin da ke narka kwalta. Jirginsa na katakon maɗaci ne, dogo, yana ɗaukar buhu arba'in da mutum goma sha biyu bai ko yi nishi ba. Shekara tara Jibo ya yi yana tuƙa jiragen wasu kafin ya sayi katakon. Kafintoci suka zo daga Yawuri suka harhaɗa shi, yana tsaye a kansu kamar za su sace ƙusa. Ba shi da gona, ba shi da shanu. A cikin jirgin nan shi da matarsa Kaltuma da 'ya'yansu huɗu suke ci.

Allah sarki, gulbin wancan lokaci! Gada tana nan, manyan motoci suna bi ta kanta zuwa Kwatano, amma talaka mai buhu biyu ba ya son tsayuwa gaban 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito, ƙauyukan bakin ruwa kuma ba su da wata hanya sai ruwan. Tun hantsi bai ɗaga ba mashiga take cika: gishirin Foga, albasa, busasshen kifi, muruci, da matan da ke ciniki da Hausa, su yi faɗa da Dandanci, su shirya da Zabarmanci. Da yamma a dawo daga kasuwar Malanbil da ke ƙetare da garin rogo da doya da manja, wani ya ɗauko waƙa daga baya, jirgi duka ya amsa. Wanda bai ga wannan ba, ba zai gane abin da tsofaffin garin suke kallo ba in sun zauna sun zuba wa ruwa ido.

A harkar ruwa ba a yi mai taka-tsantsan irin Jibo ba. Akwai wata ƙusar tagulla da ya kafa a gefen jirgin. Da zarar ruwa ya taɓa ta, lodi ya ƙare, ko kaza ba ta shiga. Ya taɓa barin limamin unguwarsu a gaɓa da jakarsa a hannu. In ya dubi gabas ya ga abin da bai gamshe shi ba, sai ya ɗaure jirgi ya zauna, fasinja su yi ta zaginsa har iska ta taso, sannan su koma sa masa albarka. Shekara ashirin bai jiƙa buhun kowa ba.

To, wannan mutumin ne ɗan caca. Ba ɗan caca na wasa ba, na sosai.

Wata Asabar ce a Malanbil, yana jiran 'yan kasuwa su gama sayayya, ya tsuguna kusa da masu karta don inuwa kawai. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya riƙe masa hannu zai kewaya. Kafin mutumin ya dawo Jibo ya ci masa sau uku. Sai ya ce bari ya gwada da 'yan dalolinsa. Ranar nan ya koma gida da rediyo sabuwa fil, Kaltuma har da guɗa. Da ya yi asara a wannan zama na farko, da ya tofar da yawu ya tashi, da kuma babu labarin da zan ba ku.

A Gaya, wajen kartar wani tsohon lambun mangwaro ne da ke kan tudu, yana kallon gulbi. Ba a yi da dare, don da dare ne ake sintiri. Tsakanin azahar da la'asar ake shimfiɗa tabarma, lokacin da jandarmomi suke sheƙa barcin rana. Wanda aka kama a lokacin, aski ne ƙwal da kwana uku a rufe, sannan a ba shi tsintsiya ya share bakin kasuwa surukansa suna wucewa. Saboda haka 'yan lambun suka kafa doka guda wadda ba a taɓa karyawa ba: babu bashi, babu alkawari. Abin da ido bai gani ba, ba a aza shi. Rigima ce ke jawo hukuma, alkawari kuwa shi ke jawo rigima. In akuya za ka aza, ka jawo ta. In keke ne, ka jingine shi a gindin mangwaro.

Rediyon ce ta fara komawa inda ta fito. Keke ya bi ta, da tumaki biyu, da babbar rigar da ya yi aure da ita. Abin haushin shi ne Jibo ya fi kowa sanin caca asara ce. In ka zaunar da shi da safe, zai yi maka bayanin da malami ba zai yi ba, ya lissafa maka mutanen da ta tsiyata, ya ce mai hankali ba ya kusantar ta. Da gaske kuma yake faɗa. Amma da rana ta take tsaka, sai ya ji tafin hannunsa yana ƙaiƙayi, ƙarar bugun karta a kan tabarma ta riƙa zo masa a kunne ko yana tsakiyar ruwa. Cin cacar ma ba ya daɗewa yana yi masa daɗi. Abin da yake bi yana cikin ɗan lokacin nan da karta ta bar hannun mai rabo ba a juya ta ba tukuna. A nan duniya take tsayawa cik, ba yunwa, ba gajiya, ba Kaltuma. In kuma ya faɗi da ɗigo ɗaya tak, sai ya ji kamar shi ya ci, zuciyarsa ta ce saura ƙiris, zauna.

Kaltuma ɗiyar masunta ce, mai suyar kifi a mashiga, ba ta da yawan magana amma ba ta da tsoro. Ta karɓo rubutu ya sha, ta yi yaji sau biyu, ta sa shi ya dafa Alƙur'ani. Ya riƙe rantsuwar kwana arba'in, a na arba'in da ɗaya ya karya, ya yi azumin kaffara yana kuka. Ya taɓa kai kukansa ga Haruna, babban ma'aikacin likitar gari, wato asibiti, da ake kira Majo, wata rana da yake ƙetarawa da shi ƙauyuka yin rigakafi.

"Majo, ni mahaukaci ne ko sammu aka yi mini? Na san wuta ce, ina kallo nake sa hannu."

Majo ya gyara zama a kan akwatin magani ya ce, "Kai da ka san jirgi. Mutum biyu ke riƙe da shi, na baya mai turawa da na gaba mai gora, wanda in ya ga dutse yake tokarewa. Likitoci sun ce kan ɗan Adam ma haka yake. Akwai wurin da ke cewa je ka, akwai wani nan bayan goshi da ke cewa dakata. Naka na gaban lafiya lau yake bisa ruwa. In ya ji karta ne yake aje gora."

"To a yi mini allura mana."

"Da akwai ta, da na fara da ƙanena," in ji Majo.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne bazara. Ruwa yana ja baya, babban jirgi ba ya tafiya, Jibo ba shi da aiki sai zama. Masu jirage sukan cika su da ruwa su bar su a gefe, don kada rana ta tsattsaga katako, amma a nan kowa yana ganin na Jibo. Wata bazarar, bayan an cinye shi tas, Jibo ya ji hannunsa ya ɗaga da kansa zai nuna mashiga. Bakinsa a buɗe yake da kalmar jirgi sai wani ya yi ihun ga jandarma nan, aka watse. Ƙarya ce ma, jaki ne ya ɓallo kara. Ya iso gida, ya zauna a ƙofar ɗaki ya gaya wa Kaltuma kome.

Washegari ta kira wanta Alassan, masunci ne mai faɗa a ji a cikin 'yan uwansa. Alassan ya ce abu mai sauƙi, a mallaka wa Kaltuma jirgin gaban shaidu, don ba a aza kayan wani. Jibo ya ce a kashe shi ya fi, ya zama ɗan ƙwadago a jirgin matarsa, mashiga duka tana yi masa dariya? Shi ne ya kawo tasa dabarar, kuma dabara ce ta ɗan ruwa. Ƙasa da lambun akwai wani wuri mai zurfi da ake kira Gurbin Dorina, wanda gora uku a haɗe ba ta taɓa ƙasansa, kuma tun kakanni ba a taɓa jin ya ƙafe ba. Ya ce duk bazara a loda wa jirgin duwatsu, a ɗaura masa igiyoyi, a nutsar da shi can. Katako zai sha ruwa ya huta, ido ba ya gani, kuma fito da shi sai mutum goma, waɗanda ba sa motsi sai Alassan ya ce.

Shekara shida dabarar nan tana aiki. Jibo yana zuwa lambu, ana cinye 'yan kuɗin aljihunsa, wani lokaci har takalmi, ya dawo gida. In wuta ta kama shi ya ce yana da jirgi, sai a yi dariya a ce ina yake? Ya dubi ruwa, ruwa ya dube shi. Da damina ta sauka Alassan ya tara mutane, a yi nutso a zubar da duwatsu, a jawo jirgi ya fito baƙi wuluk yana sheƙi, Kaltuma ta dafa shinkafa da kifi a ci a gaɓa. Jibo yakan ce waɗannan ne shekarun da ya fi yin barci mai daɗi.

Sai shekarar fari ta zo, wadda aka yi ta bin layin jar dawar taimako, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta. Gulbi ya yi ta ja da baya har ya wuce inda ya saba tsayawa, bai tsaya ba. Rairayi ya fito a wuraren da tsofaffi suka rantse ba su taɓa ganin ƙasa ba. Mata suka riƙa tsallakawa da ƙafa, zane a gwiwa. Kowa yana zancen hatsi, Jibo shi kaɗai yake zuwa kowace safiya ya tsaya yana auna Gurbin Dorina da ido. Wata Laraba ya tarar da hancin jirginsa a waje, tsawon kamu guda, wani farin tsuntsu yana tsaye a kai. Daga lambun mangwaro ana hango shi sarai.

Bai jira an kira shi ba, da ƙafarsa ya je gidan Alassan.

"Yaya, maganarka ta shekarun baya, na yarda. A ba Kaltuma. Su yi dariyar."

Aka shirya gobe Alhamis bayan azahar a zauren Sarkin Ruwa, da liman da dattawa biyu. Alassan ya ce zai biyo masa su tafi tare. Nan fa Jibo ya ɓata rai.

"Haba Yaya, ni yaro ne da za a riƙo hannuna? Ni na kawo maganar ga da kaina. Ku tahi, ina bayanku."

Alassan ya so ya nace, amma mijin ƙanwa ba a matsa masa a kan abin kunyarsa, sai ya ƙyale shi. Kaltuma kuwa mace ba ta jerawa da miji zuwa zauren maza. Ta riga shi tafiya, ta shiga cikin gida wajen matan Sarkin Ruwa ta zauna jira. Duk cikinsu babu wanda bai san wane lokaci ne bayan azahar ba, kunya ce ta rufe bakin kowa.

Jibo ya yi salla, ya sa wankakkiyar riga, ya zuba kuɗin goron shaidu a aljihu, ya fito da zuciya ɗaya. Daga gidansa zuwa na Sarkin Ruwa hanya biyu ce, suna rabuwa a gindin wata tsamiya. Ta dama tana zagayawa ta kasuwa, doguwa, ba inuwa. Ta hagu gajera ce, ta bi ta gefen lambu. Ya tsaya a gindin tsamiyar. Rana tana dukan ƙeya, ga dattawa suna jira, bai kamata a bar manya suna jira ba. Wucewa kawai zai yi. Ya bi ta hagu.

Da ya zo daidai lambun aka yi masa sallama, mutum kuwa ba ya ƙin amsa sallama. Ya matsa a gaisa. Ya tsaya ya ga ƙarshen hannu ɗaya. Sai wani tunani ya zo masa, mai taushi kamar na alheri: in ya ninka kuɗin goron, sai ya haɗa wa Kaltuma da turmin atamfa, a yi abin da mutunci. Ya tsuguna. Ya ci na farko, ya ci na biyu. A na biyar babu kuɗin goro, babu riba. A na shida ya aza hularsa da takalmi, ya faɗi da ɗigo ɗaya.

Mamman Kabo ne yake ci a ranar, wani mai manyan motoci biyu da rufe iyaka ya zaunar. Ya tara abin da ke gabansa ya turo tsakiya, ya ɗora makullin mota ɗaya a kai, wadda ke tsaye a bakin lambun, ya ce, "Jibo, na ga mutuminka ya hito shan iska."

Jibo ya san kome a wannan lokacin. Ya san Kaltuma tana zaune a kan tabarmar mutane tana sauraren sallamarsa. Ya san ko ya ci motar, gobe zai dawo da ita nan. Har ya ji wata murya can ƙasa tana cewa tashi, amma kamar daga ƙetaren gulbi take, ta kusa kuwa tana cewa saura ƙiris, kuma nan da awa guda ba ka da abin azawa har abada. Ya ga yatsansa ya miƙe ya nuna Gurbin Dorina. Mutum takwas suka juya suka gani da idonsu. Aka raba karta, aka juya.

Ana kiran la'asar ya shiga zauren Sarkin Ruwa, ba hula, ba takalmi. Bai bari an tambaye shi ba, ya durƙusa ya faɗa an cinye jirgin. Liman ya ce abin da aka ci a caca ba halal ba ne, ba ya zama mallaki. Alassan ya miƙe ya ce yanzu zai je jandarmari, ya ga wanda zai taɓa jirgin.

"Yaya, zauna," in ji Jibo. "In ka tahi, mutum tara za a aske, har da ni, ɗiyana suna kallo ina shara. Kuma da ni na ci, da na karɓi motar. Na nuna da hannuna."

Daga bayan zana aka ji motsin Kaltuma ta tashi. Ba ta yi kuka a gidan mutane ba, ta ɗauki mayafinta ta fita ta ƙofar baya.

Kabo ba ɗan ruwa ba ne, bai san abin da zai yi da jirgi a gulbin da babu ruwa ba. Katakon yake so, maɗaci mai kauri wanda ya sha ruwa shekara da shekaru, zai yi wa motarsa sabon jiki. Da Jibo ya ji an kira masu gatari, ya je ya roƙi a bar masa aikin, don su za su farfasa shi ne kawai. Shi ya shiga ruwa ya fitar da duwatsun. Kwana uku ya yi a kan rairayi yana zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, yana jera katako a inuwa, yana yayyafa musu ruwa kada su tsage. Masu wucewa suka riƙa sauya hanya, don ba a iya kallonsa.

A rana ta uku Kaltuma ta kawo masa fura. Tun ranar Alhamis ba ta ce masa uffan ba. Ta tarar saura katako ɗaya, na tsakiyar ciki, yana zaune ya ɗora shi a cinya yana shafawa. Ta ɗauka bankwana yake yi, har zuciyarta ta karye, ta zauna kusa da shi.

"Baban Zalika, sha ka ji sanyi. Abin da ya wuce ya wuce."

Bai karɓi ƙwaryar ba. Ya ce, "Kaltuma, kin san mi nake tunani tun ɗazu? Ina cewa da Kabo zai bar mini wanga guda, in kai shi lambu in aza, wataƙila in maido sauran." Hawaye suka zubo masa. "Ina kwance shi da hannuna, kuma abin da ke cikin kaina ke nan. Ki gaya mini, wane irin mutum ne wannan?"

Fushin da ta zo da shi ta neme shi ta rasa, tausayi da tsoro suka maye wurin. Ta ce, "Irin wanda ba a bari ya yi tahiya shi kaɗai. Mu muka yi kuskure da muka ji kunyarka."

Da ruwa ya dawo, Jibo ya koma tuƙa jiragen wasu kamar yadda ya fara, kuma har ya tsufa ba a samu wanda ya sa shi ƙara buhu ɗaya a kan lodi ba. Kullum da azahar, in ya taso daga mashiga, Kaltuma takan bar kaskon kifinta ta je gindin tsamiya ta tsaya. Ya zo, ta shiga gaba, ya bi ta ta hanyar kasuwa, mutane suna kallo. An yi dariyar wata biyu aka gaji. Sojoji suka tafi, farar hula suka zo, sojoji suka sake dawowa, tana nan tana tsayuwarta, shekara goma sha biyu.

Ta rasu da damina, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ranar da aka share makoki Jibo ya koma aiki. Da azahar masu dawowa daga masallaci suka gan shi a gindin tsamiya shi kaɗai, ya rungume kututturen da hannu biyu, gumi yana zuba. Wani ya tambaye shi ko lafiya.

Ya ce, "Don Allah ɗan'uwa, in kasuwa ka nufa, shiga gaba in bi ka."